Kofin Baba a Shagon Kak Rohana

Kwana goma sha ɗaya muka yi a wani ƙaramin otal a Brickfields, ni da maigidana da 'yarmu Sumayya, a ɗaki ɗaya wanda tagarsa ke kallon bangon wani gini. Ba haka muka shirya ba. Tun muna gida wani ɗan Najeriya da ya daɗe a Kuala Lumpur ya ce ya samo mana gida, ya turo hotuna har da na kicin, Abban Sumayya ya tura masa kuɗin kamawa. Da muka sauka sai muka tarar gidan yana nan, amma da mutane a ciki, kuma mai gidan bai taɓa jin sunanmu ba. Mutumin da muka tura wa kuɗin ya ɗaga waya sau biyu, ya ce mu yi haƙuri gyara ake yi. Daga nan layinsa bai sake shiga ba.

A ƙasan otal ɗin akwai gidan abinci na wani dattijo Ba'indiye Musulmi, irin wanda a can ake kira mamak. Ya lura kullum faranti ɗaya muke saya mu uku. Bai taɓa cewa komai ba, sai dai farantin ya riƙa zuwa da tudu, da ƙarin ƙwai a gefe. Har yau ban san sunansa ba.

Daga nan muka koma Danau Kota, hawa na goma sha bakwai, gidan da wasu ɗalibai 'yan Katsina suka haɗa mu da mai shi ido da ido. Abban Sumayya ya zo yin digiri na uku ne da tallafin gwamnati, ni kuwa takardata ta rakiya ce, ba ta ba ni izinin aiki ba. A gida malamar firamare ce ni, mai aji na yara sittin. A nan idan na kai Sumayya makaranta na dawo, sai ni da fanka.

Ni 'yar Gembu ce, can kan tsaunin Mambilla, inda ake kwana da bargo biyu, hazo ya sauko da safe har ba ka ganin katangar maƙwabcinka. Zafin Kuala Lumpur mai danshi ne, yana manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen zane. Matan ɗalibai 'yan Kano da Zariya sukan yi mini dariya idan muka haɗu a walimar suna. “Maman Sumayya, anya ke 'yar Najeriya ce? Wannan ai ba zafi ba ne lah.” Har sun ɗauki “lah” ɗin da 'yan garin ke ƙarawa a ƙarshen magana. Mutanen kirki ne, amma hirarsu ta Kwari da Sabon Gari ce, ba wadda ta san garinmu. Wata ma ta tambaye ni ko Gembu a Kamaru take.

A wata na biyar, wata rana da hantsi ina dawowa daga kasuwa a Setapak ruwa ya tsuge, na fake a barandar wasu jerin shaguna. Ina tsaye sai wani ƙamshi ya same ni, na ajiye ledojina ban sani ba. Suyar kofi ce. Marigayiya Innarmu takan soya kaɗan a kasko idan Baba ya yi baƙi daga hayin iyaka, gidan duk ya ɗauka. Na bi ƙamshin har ƙofar wani siririn shago, na tsaya ina leƙe.

Wata mata Bamalayiya mai kimanin shekara hamsin, da ɗankwali ruwan toka da tabarau a kan hanci, tana tsaye gaban wani inji mai kama da ganga a kwance. Ƙwayar da ke ciki ta fara ƙara kamar gugguru. Ba ta dube ni ba sai da ta juye suyar a wani faffaɗan tire, sannan ta ce da Turanci, “Shigo mana, ruwan nan ba yanzu zai tsaya ba.”

Sunanta Rohana, ta ce in kira ta Kak, wato yaya. Ni kuma ta riƙa ce mini adik, ƙanwa, don sunana Zulaihatu ya yi mata tsawo. Ta zuba mini kofi a finjali, ba madara ba sukari. Ina sha ina kallon bango. Hotuna uku ne na mutane a jere: wani tsoho da matarsa daga tsaunukan Aceh a Indonesiya, wata mata daga Sabah a gabashin Malesiya, da wasu 'yan'uwa biyu daga arewacin Tailan. Ta ce daga hannun waɗannan kaɗai take sayen kofi. Ta san gonakinsu, ta kwana a gidajensu, kowace shekara tun kafin girbi suke zama su yanke farashi, kuma kowane ƙunshi da ta sayar yana ɗauke da sunan wanda ya noma shi.

Na ce mata babana ma manomin kofi ne.

Ta sauke tabarau. “A Najeriya? Ana noman kofi a Najeriya?”

Na ce kakana ne ya dasa na farko, Baba ya ƙara, itatuwan suna nan a gangaren tudu ƙarƙashin inuwar ayaba da fiya. Na ce masu saye sukan zo da babur bayan girbi, su ɗebi ƙwayar a tafin hannu, su faɗi abin da za su biya, in ka ƙi su wuce gidan gaba. Ba mu san inda suke kaiwa ba. Ina faɗa idona ya kai kan allon farashi na shagon, na yi lissafi a zuci. Kuɗin finjali ɗaya da nake riƙe da shi ya fi abin da ake ba Baba a mudu guda.

Daga ranar nakan leƙa sau biyu ko uku a mako. Na gaya mata tun farko ba ni da izinin aiki, ta ce ita ma ba ta da kuɗin ɗaukar ma'aikaci, amma tana da kujera. Sai in zauna muna hira, ita tana tsince ɗanyar ƙwaya a tire, hannuna ya shiga da kansa. Wanda ya tashi yana tsintar wake ba ya buƙatar a koya masa. Nakan fitar da baƙa, da fasasshiya, da wadda ƙwaro ya huda, ita tana kallon yatsuna ta gefen ido.

A lokacin ne magana ta taso a gida. Yayana Haruna, wanda shi ke tare da Baba yana ɗauke da nauyin gidan, ya ce a sare itatuwan kofin a shuka masara, don ko ba komai masara ana ci. Ban ga laifinsa ba. 'Ya'yansa biyar, kuma shekara uku a jere kuɗin kofin bai biya masu tsinka ba. Baba ya ce a ba shi damina ɗaya. Na roƙi Yaya ya auno mini mudu biyu, ya aika Jalingo, wani ɗalibi da ya je hutu ya taho mini da shi a cikin jakarsa.

Kak Rohana ta soya kaɗan, ta niƙa, ta zuba a ƙananan kwanoni uku ta tsiyaya ruwan zafi. Ta ɗauki cokali tana zuƙa da ƙara, tana juyawa a baki, tana tofarwa a wani gwangwani. Sannan ta ajiye cokalin ta dube ni.

“Adik, in faɗa miki gaskiya ko in faranta miki?”

Na ce gaskiya.

“Akwai ƙasa a ciki, a kan ƙasa aka shanya shi. Akwai warin ruma, ruwa ya taɓa shi yana shanya. Kuma an tsinko ɗanye da nunanne gaba ɗaya. Ba zan iya sayar da wannan ba.”

Na yi godiya, na ɗauki jakata na fita. A cikin lif ɗin gidanmu na yi kuka, ina ganin bayan Baba a duƙe yana baza ƙwayar nan a tsakar gida. Mako biyu ban koma ba.

Ita ce ta zo. Ta kira ni daga ƙofar gidan, ta hau da ƙunshin shinkafa mai kwakwa da ta yo mana tapau, wato abincin da ake ƙunshewa a tafi da shi, da wata 'yar kwalba. Ta ce bayan na tafi ta zauna ta tsince mudu biyun nan ƙwaya ƙwaya, ta fitar da abin da bai fi cikin tafi biyu ba, ta soya shi daban. A kicin ɗina ta dafa. Na kurɓa na ji wani abu kamar lemon zaƙi, bayansa kuma kamar zuma. A gidan kofi aka haife ni, ban taɓa sanin haka yake ba.

Ta ce, “Wannan yana cikin itatuwan babanki. Abin da ake yi bayan an tsinka ne ke binne shi. Ina so in yi magana da shi.”

Kiran Baba ba ƙaramin aiki ba ne. Sai Yaya Haruna ya goya shi a babur zuwa kan wani tudu inda sabis ke kamawa, da safiyarsu, wato la'asar ɗinmu. Na fara yi masa bayani ni kaɗai, na lulluɓe maganar da duk ladabin da na iya. Duk da haka ya ji inda ta dosa.

“Zulai, shekara arba'in ina wannan noma. Matar da ba ta taɓa taka gonata ba ita za ta koya mini shanya?”

Kak Rohana ta ce in juyo da wayar. Ta gaishe shi da sallama, ta ɗan rusuna kamar yana gabanta, ta ce in tambaye shi: idan zai tsinki jajaye kaɗai ya bar ɗanyun su nuna, me hakan zai ci masa?

Na fassara. Baba ya gyara hularsa.

“Me ta ce?”

Na maimaita.

Ya ce, “Ba wanda ya taɓa tambayata wannan.” Sai ya fara bayani, ya yi kusan rabin awa. Ya ce itace ɗaya sai an zagaye shi sau huɗu maimakon sau ɗaya, masu tsinka kuma da kwando ake biyansu, ba wadda za ta yarda ta wuni tana zaɓe a kan kuɗin da. Ya ce hazon Mambilla ba ya barin abu ya bushe da wuri, in za a ɗaga shanya daga ƙasa sai an kafa gadaje na gora da raga, a sami leda ta rufewa. Kak tana rubutawa a bayan wata takardar kwali, ni ina tsakiya ina juya harshe. Da ya gama ta ce shi ya faɗi farashin da zai sa aikin ya yiwu. Ya faɗa yana kallon gefe, kamar mai jin kunya. Ta ɗan rage, ya ɗan ƙara, suka tsaya. Buhu shida masu kilo talatin talatin, za ta tura wani kaso tun yanzu don a kafa gadajen, sauran idan kaya ya iso. Takardun shigo da kaya ita za ta bi, Yaya Haruna kuma shi zai kai Legas ya sa a jirgin ruwa.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana na Malesiya. Yaya yana turo hotuna: gadajen gora a bayan gida, kwanduna cike da 'ya'ya jajaye kamar an zaɓi murjani, Baba a tsaye da ludayin katako yana juya shanya. Kak takan buɗe hoton da yatsu biyu ta ce, “Ki ce masa ya rage kauri a nan, ya yi yawa.” Baba kuma ya aiko da amsa cewa ita ma ta rage surutu, ya riga ya gani. Nakan fassara mata wannan ɗin daidai, ta yi ta dariya.

Sai ruwa ya sauka a lokacin da bai saba ba, kwana uku a jere, iska ta yaye ledar gado biyu. Baba ya ware duk abin da ya jiƙe. Da aka gama ɓarewa da tsincewa, buhu huɗu suka fito. Wannan ban sani ba sai daga baya, ran da Yaya Haruna ya kira ni daga Legas, kayan sun riga sun shiga kwantena.

Ya ce, “Zulai, akwai maganar da za ki riƙe tsakaninmu. Huɗu aka samu. Baba ya ce in sa ki gaya wa matar. Ni kuwa na biya kasuwa na sayi biyu masu kyau na cika, na rubuta sunan Baba a duka.”

Na ce, “Yaya, me ya kai ka?”

“Alkawarin shida aka yi. In ta ga huɗu ta ce ba mu iya ba, ta janye, wa gari ya waya? Ke kina can cikin sanyin fanka. Ni na san matan da na yi wa alkawarin aikin baɗi, ni na san kuɗin motar Legas ɗaya ne ko huɗu ko shida. Kofi dai kofi ne, na duba da idona, ba datti.”

Na ce zan yi tunani. Ya ce ba tunani ya ce in yi ba, shiru ya ce.

Na yi shirun. Mako bakwai jirgin yana kan ruwa, ni ina zuwa shago ina zama a kujerata. Kak ta tambaye ni ko kaya sun taso lafiya, na ce shida suna hanya. Baba ya tambaye ni ko matar ta karɓi maganar huɗun ba ɓacin rai, na ce ba komai, ta fahimta. Ba su da harshe ɗaya. Duk abin da ya sani game da ita daga bakina ya fito, duk abin da ta sani game da shi ma haka. Sun yi ta murna sun kawar da dillalai daga tsakaninsu, ba su lura ni kaɗai na rage a wurin ba. Sau da yawa ina tsintar ƙwaya sai in tuna mutumin da ya turo mana hoton kicin. Da ina ɗaukarsa wani irin mugu na daban. Yanzu sai na fara tunanin ko shi ma da ƙaramin shiru ya fara, yana cewa gobe zai gyara.

Na gaya wa Abban Sumayya a mako na biyar, yana cin abincin rana kafin ya koma makaranta. Ya ajiye cokali ya ce, “Ba zan zaɓa miki ba, Maman Sumayya, yayanki ne. Amma tun da aka fara maganar nan ban ga kin ci abinci kin ƙoshi ba.” Ya ƙara da cewa in na yanke shawarar faɗa zai raka ni. Na ce a'a, ni na zauna a kujerar, ni zan je.

Duk da haka ban faɗa ba sai ran da kayan suka iso. Na shiga shagon da safe na tarar da buhunan a jingine a bango. Ko ba a gaya mini ba na gane su. Baba yana ɗinke bakin buhu da wani ɗinki mai komawa baya, ya bar kunnuwa biyu a gefe don ɗauka. Huɗu suna da kunnuwa. Biyu an ja musu zare ne kawai.

Kak Rohana tana ta fara'a. Ta ce kafin mu buɗe tana da abin da za ta nuna mini. Ta fito da takardun da za a manna a jikin ƙunshi, an riga an buga su. Ga hoton Baba da ludayinsa, ga rubutu a ƙasa: Malam Isiyaku, Gembu, Najeriya.

Na ce, “Kak, kada ki buɗe waɗancan biyun tare da sauran. Ba na Baba ba ne.”

Na gaya mata duka, a tsaye. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta je ta yanke zaren ɗaya daga cikin biyun, ta cusa hannu, ta shinshina, ta mayar.

“Tun yaushe kika sani?”

“Mako bakwai.”

Ta zauna a kan wani akwati, ta cire tabarau tana goge shi da gefen ɗankwali.

“Buhu biyun nan da harshena zai gano su kafin azahar. Ba su ne suka dame ni ba. Shekara takan yi kyau, takan ɓaci, mutumina na Aceh ya taɓa ba ni rabin abin da muka yi alkawari, ban janye ba. Amma ni ba na jin yaren babanki, adik. Ke ce kunnena. Mako bakwai kina zaune a nan.”

Ta mayar da tabarau a hancinta. Ta ce da la'asar za mu kira Baba, kuma duk abin da ta faɗa in fassara shi yadda yake, kada in sa masa sukari.

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan tafinta ba. Yaya Haruna ne ke riƙe da wayar a kan tudu, ina jin numfashinsa. Da bakina na gaya wa Baba abin da ɗansa ya yi, da bakina na gaya masa abin da 'yarsa ta ɓoye. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dubi gefen da Yaya yake, ya daɗe, sannan ya dawo da idonsa kan wayar.

“Ki ce mata ta cire sunana daga kan biyun nan. Kada ta biya ko sisi a kansu, ta ba wanda take so. Ki ce mata ruwa ne ya doke ni, huɗu na samu, huɗu na ɗinka. Ki ce ina ba ta haƙuri, gidana ne ya yi mata haka.”

Na fassara. Sai ya ce, “Ke kuma Zulai, ran da na tambaye ki, kika ce ta fahimta.”

“Na ce, Baba.”

“To.” Bai ƙara ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kak Rohana ta ce za ta biya huɗun a farashin da aka yi, biyun kuma za ta sayar wa wani mai shagon shayi a matsayin kofin kasuwa, ta tura abin da aka samu. Baɗi za ta sake saye, amma ba za a ƙara yin alkawarin adadi ba, abin da gona ta bayar shi ne. Kuma daga yau duk saƙon Baba ya zo da muryarsa, za ta riƙa ba wata malama 'yar Nijar da ke sayen kofi a wurinta ta saurara, ban da fassarata. Wannan ma ni na fassara shi. Kafin a kashe wayar na ji Yaya ya ce, “Kin kyauta,” da wata irin murya.

Huɗun Baba sun yi kyau fiye da yadda muka zata. Cikin wata biyu suka ƙare. Na ga wani Basine ya sayi ƙunshi uku, ya tsaya yana ƙoƙarin furta Isiyaku, ya tambayi Kak ina ne Gembu. Ta nuna ni ta ce ga 'yarsa nan, tambaye ta. Na ji daɗi, amma ban koma yadda nake a shagon nan da nan ba. Kak ba ta sake tayar da maganar ba, kujerata tana nan, sai dai na ɗauki watanni kafin ta sake barina in karɓi saƙo ni kaɗai. Ban ga laifinta ba. Na koyi fassara magana da ƙashinta, har wadda ba ta da daɗi, na kuma gane yawan abin da nake gogewa a da ina kiransa ladabi.

Yaya Haruna kuwa ya daina ɗaga wayata. Matarsa ce ke ba ni labari: ba a sare itatuwan ba, maƙwabta biyu sun zo kallon gadajen gora, Baba ya hana shi taɓa allurar buhu amma ya bar masa kula da masu tsinka. Sallah ta zo ta wuce, na aika wa yaransa kaya, aka ce an gode, ba daga bakinsa ba. A garin da ba ka da kowa, shirun ɗan'uwa yana da nauyi ƙwarai. Wani lokaci ina cikin motar haya a hanyar ɗauko Sumayya sai in buɗe lambarsa in rufe.

Girbi na biyu ya zo muna shekararmu ta uku a can. Wata ranar Talata ina wanke shinkafa saƙon murya ya shigo. Sunansa na gani. Na goge hannu a zane, na zauna a ƙasan kicin kafin in buɗe. Ana jin iska da kukan zakara a bayansa.

“Zulai, ina kwana, ko ina wuni, ban san ƙarfe nawa ne a wurinku ba. An gama tsincewa jiya. Ki gaya wa matar nan buhu uku ne da rabi. Rabin ma kada ki ce mata ya kusa cika, rabi ne. Ni na auna.” Kamar zai kashe, sai ya ce, “Ya Sumayya? An ce ta fara mayar miki da magana da yarensu. Ki riƙa yi mata Hausa.”

Na saurara sau uku. Na sa hijabi na sauka, na taka har Setapak a ƙafa duk da rana. Kak Rohana tana gaban inji, na jira ta juye suyar, sannan na kunna mata saƙon na fassara shi tun daga gaisuwar har zuwa maganar Sumayya, ban tsallake komai ba. Na ce in tana so ta tura wa malamar ta saurara.

Ta ce, “Ba sai na tura ba.” Ta ɗauki alli ta rubuta uku da rabi a gefen allon, ta tsaya tana kallonsa. “Ukun na masu saye ne. Rabin nan ba zan sayar ba. Ki ce wa yayanki ni da ƙanwarsa za mu shanye shi.”